Jama'a Sun Amince Baki Ɗaya

Abin da na fara gani da na shiga zauren shi ne wata sabuwar tabarma a shimfiɗe a tsakiya, babu kowa a kanta. Bencina kuwa duk an jera su a gefe guda bayan tebur, cike da maza, har wani ya rasa wuri ya ɗosana a kan gwangwanin fenti. Dukkansu tabarmar suke fuskanta. Na cire takalmina na ajiye a bakin ƙofa can nesa da nasu, na tsaya ina jan bakin hijabina. Kawu ya nuna mini tabarmar da haɓa. Na je na zauna a can ƙarshenta, yadda in wasu sun zo za su sami wuri. Babu wanda ya zo.

Lokacin ina ƙaramar sakandare, a shekarun da aka fara shari'a a jiharmu. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, sana'arsa zanen allunan shaguna a cikin Daura, na masu aski da masu shayi da masu gyaran rediyo. Ranakun da babu makaranta nakan je wurinsa in wanke masa burushi da kananzir, domin shi kaɗai ne babban da ba ya tambayata me ya sa ba na magana. Shi ne kuma Daraktan Zane na wata ƙaramar ƙungiyar wasan kwaikwayo da ke taro a wani tsohon zaure, ba nisa da rijiyar Kusugu. Wasanninsu na tsafta ne da zaman lafiya da sa yara makaranta, a filin firamare suke yi bayan la'asar, kuma ba a biyan kuɗin kallo.

A da ƙungiyar tana da mutane sosai. Sai matan da ke fitowa a wasa suka daina zuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu samari suka tafi Kano neman shiga fim, wasu suka kama acaɓa. Shugaba, wani dattijon tela mai tabarau, ya samo maganin abin: duk wanda ya fara maganar barin ƙungiya, sai a ba shi muƙami. A haka aka sami Daraktan Labule da Mai Kula da Benci da Mai Tsawatarwa, har da Jami'in Buta, wanda aikinsa shi ne ya tabbata akwai ruwan alwala.

Matsalar tana cikin tsarin mulkin da Shugaban ya rubuta da kansa tun farko, wanda kuma yake ji da shi kamar ɗan fari. A ciki an ce mai muƙami ba ya biyan kuɗin wata, domin hidimarsa ita ce kuɗinsa. An kuma ce babu shawarar da za ta zartu sai jama'a sun amince, wato 'yan ƙungiya marasa muƙami. Na ƙarshensu wani saurayi ne mai acaɓa. Da ya ga shi kaɗai ke biya, ya ce shi ma a ba shi wani abu ko ya tafi, aka naɗa shi Jami'in Sufuri. Sai bayan an yi masa addu'a an shafa aka lura ba sauran jama'a. Butar ƙungiya ta fashe a watan, aka kasa sayen wata, saboda babu wanda zai amince. Aka ce kowa ya kawo mutum. Kawu ne kawai ya kawo, kuma ni ce mutumin.

Duk wannan daga baya na sani. A ranar dai Shugaba ya miƙe ya gyara tabarau, ya dubi tabarma ya yi wa jama'a sallama. Na waiwaya bayana. Bango ne kawai da wata tsaka a jikinsa.

"Ke ce," in ji Kawu, a hankali.

Na amsa sallamar a cikin hijabi, ban sani ba ko an ji. Shugaba ya gabatar da maganar buta, ya bayyana amfaninta har da tarihin wadda ta fashe, sannan ya ce, "Jama'a, kun yarda?" Na sunkuyar da kai ina bin saƙar tabarma da ido, ja da kore, ja da kore. Aka ɗan jira. Sai Sakatare, wani malamin firamare da ke karanta duk abin da yake rubutawa a fili, ya ja alƙalami yana cewa jama'a sun amince baki ɗaya.

"To da baki nawa gare ta?" in ji Ma'aji.

Aka yi dariya har Mai Tsawatarwa ya ci shi tarar goro. Tarar ba ta dame shi ba, don goron yake sayarwa a kasuwa.

Haka muka ci gaba duk Asabar. Na amince da buta, na amince da gyaran ƙafar benci, na amince da ta'aziyyar da aka aika wa wani da ban sani ba, duk ban buɗe baki ba. A waje ni 'yar nan ce, ana iya aikena sayen ashana. Da na hau tabarma kuwa sai in koma "ku", dattawa masu furfura suna neman izinina kafin su zauna. Kuɗin watana Kawu ke biya, yana ƙunƙuni cewa shi kaɗai ne mai muƙamin da tsarin mulki ya zagayo ta bayan gida ya kama.

Sauran abin da ƙungiya ke samu daga hayar bencina ne in ana suna ko walima, sai kuma labulen wasa da wani mai hoto ke haya da sallah. Ma'aji a aljihun rigarsa yake ajiye kuɗin, aljihun da yake zuba cinikin goro, yana cewa kowane kuɗi ya san mai shi. Akwai Mai Binciken Kuɗi, kamar yadda tsarin mulki ya tanada, wani saurayi mai natsuwa da ya yi karatu har Katsina. Sai dai 'yar Ma'aji yake aure. Ranar bincike sai ya sauko daga benci ya tsuguna a gaban surukinsa, idonsa a ƙasa. Ya gaishe shi, ya tambayi gajiya, ya tambayi kasuwa, ya tambayi mutanen gida. Can da murya ta yi ƙasa sosai sai ya ce, "Ya kuma wajen ajiya, Baba?" Ma'aji ya dafa aljihu ya ce lafiya lau. Sai saurayin ya koma benci ya ba da rahoto cewa ya bincika, ya tarar da kuɗi lafiya. Jama'a sun amince baki ɗaya. Ni dai daga tabarma na lura bencin da ya karye ba ya kwana biyu ba a gyara ba, ko a watan da ba a yi suna ko ɗaya a unguwa ba. Ina jin a haɗa aljihun nan, cinikin goro ne ke cutuwa, ba ƙungiya ba.

Labulen shi ne babbar dukiyar ƙungiya. Dogon akoko ne da Kawu ya zana kasuwa a jikinsa, da mata ɗauke da ƙwarya, da mahauci, da shanu, da babbar mota mai rubutun Mai'adua a goshi, da wani mai goro da kowa ya san wa aka kwaikwaya ban da mai shi. A can ƙasa, a kusurwar hagu, akwai wata 'yar akuya. Ni na zana ta. Wata rana Kawu ya tafi masallaci ya bar ni da ragowar farin fenti da baƙi, ya ce in cike gurbin nan da abin da na ga dama. Ƙafarta ɗaya ta fi sauran gajarta, kuma fenti ya ɗiga a idonta ya yi girma, sai ta zama kamar ta ji wani labari da ya ba ta mamaki. Da Kawu ya dawo ya daɗe yana kallonta, bai gyara komai ba.

A aji ban taɓa ɗaga hannu ba ko na san amsa. Amma duk ranar wasa akuyata tana tsaye a gaban mutanen unguwa da idonta a buɗe, yara na gaba suna nuna ta da yatsa. Ni ba wasan nake kallo ba, su nake kallo.

Wata Asabar uban ƙungiya ya zo taro. Wani Alhaji ne mai fataucin hatsi ta wajen Mai'adua, ba ya zuwa sai da dalili, kuma saboda shi ake ajiye kujera mai hannu da babu mai zama a kanta. Ya ce ya ji kukan ƙungiya: hayar janareta da lasifika tana cinye duk abin da bencina suka kawo, in kuma ba a haya ba, na bayan fili ba sa jin komai sai su watse. Zai saya musu nasu, kyauta. Sai dai abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Ya tambayi malaminsa game da zanen masu rai, kuma ba ya son ya sa dukiyarsa a inda zai riƙa kokwanto. Ba ya cewa a ƙone labule, ya san wahalar da aka sha. Malamin ya ce in aka ja layi a wuya, aka raba kai da gangar jiki, to surar ba ta cika ba, shi ke nan. Cikin ladabi ya faɗa, har yana ba Kawu haƙuri. Ya sa takalmi ya tafi, turarensa ya zauna tare da mu.

Mai Kula da Benci ne ya fara cewa wato dai yanka za a yi. Shugaba ya ce ba yanka ba ne, rabawa ce, a kula da harshe. Amma kalmar ta riga ta zauna. Ma'aji ya tambayi wa zai ɗauki fatu. Jami'in Buta ya ce shi shanun ba su dame shi ba, matan nan masu ƙwarya ne yake tausayi, ba su yi wa kowa komai ba. Wani ya ce a fara da mahaucin, ya ji yadda ake ji. Mai Tsawatarwa ya ci mutum uku tara, sannan shi ma dariya ta ƙwace masa.

Kawu bai yi dariya ba, yana ta kankare fenti daga farcensa. Na san ko a shago aiki ya canza masa, masu aski da dama sun dawo da allunansu don a shafe kawunan a bar rubutu kawai. Da aka tambaye shi ya ce shi ya yarda, zai ja layin da hannunsa, siriri, da kalar abin da ke bayan kowane wuya. Masu muƙami duk suka yarda. Shugaba ya juyo wajen tabarma ya yi tambayar da ya saba. Na ga Sakatare har ya sa alƙalami a takarda, bakinsa ya fara haɗa kalmar farko.

"Har da akuyar?"

Sai da na ga duk sun juyo na gane ni na faɗa. Shugaba ya ce wace akuya. Aka sa Daraktan Labule ya warware labulen a ƙasa, dattawa suka duƙa a kan kusurwar hagu.

"Au, akuya ce?" in ji Ma'aji. "Ni tun da aka zana ta zomo nake ɗauka."

Shugaba ya ce zomo ko akuya, duk mai rai ne, ba a ware kowa ba. Ya sake tambaya, a tausashe, kamar mai lallashin yaro ya sha magani. Na dubi wuyanta, ɗan siriri ne, da ƙyar burushi ya zauna a kansa ranar da na zana shi.

"To ban yarda ba," na ce.

Sakatare ya ɗaga alƙalami ya tambayi Shugaba yadda ake rubuta irin wannan, don bai taɓa rubutawa ba. Sai ya rubuta yana karantawa a hankali, cewa jama'a sun ƙi baki ɗaya. Wannan karon Ma'aji bai tambayi yawan bakin ba.

Shugaba mutum ne mai dabara ɗaya, kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba. Nan take ya ce ya lura da ƙwazon jama'a a harkar zane, don haka yana ba da shawarar a naɗa ni Mataimakiyar Daraktan Zane. Ma'aji ya ce in an naɗa ta wa zai riƙa biyan kuɗin wata. Kawu ya ce wannan dai bai dame shi ba. Sai Sakatare ya tuna musu cewa naɗi ma shawara ce, sai jama'a sun amince. Aka tambaye ni. Maganata ta ƙare, sai na girgiza kai. Aka ɗan yi gardama a kan ko girgiza kai magana ce, aka tsaya a kan cewa tunda an daɗe ana karɓar sunkuyar da kai, babu yadda za a ƙi girgizawa.

Jami'in Sufuri ya ce a kawo sababbin mutane su rinjaye ta, shi zai ciko zauren da 'yan acaɓa kafin magariba. Sakatare ya ce ɗaukar sabon ɗan ƙungiya shi ma sai da amincewar jama'a. Daga nan Mai Binciken Kuɗi, wanda ba ya magana in surukinsa na wurin, ya ɗaga yatsa yana kallon ƙasa. Ya ce in haka ne, ranar da aka ɗauke ta ai babu jama'ar da ta amince, don haka ɗaukar ba ta inganta ba. Fuskar Shugaba ta washe. Sai saurayin ya ci gaba da cewa in ɗaukar ba ta inganta ba, to duk abin da ta amince da shi ya rushe, da buta, da gyaran benci, da rahoton binciken kuɗi. Ma'aji ya yi gyaran murya sau ɗaya. Mai Binciken Kuɗi ya sauke yatsansa ya ce ya janye. Kiran sallar la'asar ne ya raba mu, aka yi alwala da butar da ba a tabbatar da halascinta ba.

Makon nan na sha wuya. Ma'aji ya aiko wa kakata da goro fari manya, ba tare da wani dalili ba. Jami'in Sufuri ya so ya riƙa kai ni makaranta kyauta, amma lokacin an fara ƙyamar mace ta hau bayan namiji, sai ya riƙa tafiya a hankali a gefena yana ba ni labarin amfanin lasifika har ƙofar makaranta. Yaran unguwa suka samo sunan, in na wuce sai su ce ga jama'a nan. Mahaifiyata ta ce ita abin da ya ɗaure mata kai, yarinyar da ba ta iya zuwa maƙwabta roƙon gishiri ita ce ta tsayar da dattawan unguwa.

Kawu ne kaɗai bai ce mini komai ba. Na same shi a shago yana gwada layi a kan wani guntun akoko, yana neman burushin da ya fi siranta. Can ya ce, ba ni yake kallo ba, ya ji 'yan ƙwallo ma sun je wurin Alhaji neman janareta, kuma su ba su da labule. Na tambaye shi ko shi abin ba ya masa ciwo.

"Yana yi," ya ce. "Amma na jikin labule ba sa jin zafi, 'yar nan. Na bayan fili kuwa ba sa jin magana."

Na wanke burushi na tafi gida. Ba na son ƙungiya ta rasa lasifika saboda ni, don na ga yadda tsofaffi ke kama kunne a bayan fili su gaji su tashi. Ba na kuma son layi a wuyan nan, ko da kalar ƙasa ne. Ina cikin haka na tuna wani abu da na gani ranar da aka warware labulen. Akuyar ita kaɗai take a kusurwarta. Na zana ta nesa da kowa, kamar yadda na zauna a ƙarshen tabarma. Babu abin da ke kusa da ita sai ƙasa, sai kuma rabin wani kwando.

Ranar Alhamis bayan an tashi makaranta na bi ta shagon Shugaba. Hijabai ne rataye ko'ina, don a shekarun nan ɗinkinsu ya fi komai tafiya. Na tsaya a bakin ƙofa har ya gama wani dogon layi a keke bai gan ni ba. Da ya ɗago ya ce, "A'a, jama'a, ku ne da rana tsaka?" Na durƙusa na gaishe shi, shi kuma ya ɗan yunƙura kamar zai miƙe, muka rasa wanda zai girmama wani.

Na faɗa masa a guntule, ina kallon fedar kekensa. Jama'a za su amince ranar Asabar, a ja wa kowa layi, da shanu da mahauci da mai goro. Amma kafin nan a yanke kusurwar hagu a ba ni, shi kuma ya kalmashe bakin ya ɗinke yadda ba zai zare ba.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce labule dukiyar ƙungiya ce, tsarin mulki bai yarda a yanki ko zare ɗaya a ba wani ba sai da amincewar... Nan ya tsaya. Ya mayar da tabarau ya dube ni ta samansu, kafaɗunsa suka fara rawa. Da ya gama ya ce to, a kawo maganar a taro bisa ƙa'ida, kuma a wannan karon a ji ta da baki, ba da kai ba. Ɗinki zai yi. Amma shi ba zai sa almakashi a aikin Kawu da hannunsa ba, tun suna samari suke tare.

Almakashi biyu ne a kan teburinsa. Ɗaya ya yi tsatsa, an ɗaure hannunsa da tsumma, shi yake miƙa wa yara in an aiko aro. Ɗayan babba ne mai baƙin hannu, a ƙarƙashin yadi yake ɓoye shi, bakinsa kawai ya leƙo.

"To Baba, ka zo mini da almakashi ranar Asabar, ni zan yanke," na ce. "Amma don Allah wancan na ƙarƙashin yadin."